Giya ta shigo gida: ina za mu dosa?

Ranar zubi, in wata ta ce "yau ba ni da shi", ba kullum ba ne ciniki ya ƙi. Wani lokaci kuɗin sun tafi mashaya ne, a hannun maigida ko ɗa. Mun sani, kunya ce ta rufe mana baki.

Faɗa da gori ba su raba mutum da kwalba. Abin da ke taimako shi ne zama da waɗanda suka sha irin wannan wuya. A 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu suka gane haka, suka kafa ƙungiyar AA: a haɗu, kowa ya faɗi halinsa, ba a fidda sunan kowa waje. A 1951 iyalansu ma suka kafa tasu, Al-Anon.

To mu fa? Mu fara da CSI. Mu keɓe majo, mu tambaye shi ko akwai irin wannan zama kusa. Zuwa likita dole ne, don wanda ya daɗe yana sha, in ya bari farat ɗaya, kyarma da zufa na iya kama shi, har da farfaɗiya mai kai ga rasa rai.

In babu zaman a garinmu, a kafa shi. Mutum uku masu niyyar bari sun isa, rana guda a mako, kamar asusu. Mu mata ma mu ware namu bayan zubi. Yadda muke tsaron akwati, haka za mu tsare sirrin juna.