Naman Layya da Aikin Ƙoda

'Yan uwa, nama da ƙwai da kifi suna ɗauke da sinadarai biyu masu gina jiki, metiyonin da sisteyin, kuma cikinsu akwai farar wuta. In jiki ya sarrafa su, farar wutar takan koma asid. To, jininmu ba ya son tsami: ma'auninsa na pH tsakanin 7.35 da 7.45 yake tsayawa. Ƙoda ce ke fitar da rarar asid ɗin ta fitsari. Zogale da alayyafo da lemu kuwa suna rage mata wahala, don suna barin abin da ke kashe asid a jini. Saboda haka da layya kar mu ci nama zalla, mu haɗa da ganye. Mai ciwon ƙoda dai ya tambayi likita tukuna.