Ko Kun Sani? Zaren Baba Kore Yake Fitowa Daga Rami

Zaren da marini ya tsoma a ramin baba ba shuɗi yake fitowa ba. Kore-kore yake fitowa, da ɗan ruwan ɗorawa. Sai an matse shi an baza ya sha iska, sannan cikin 'yan mintoci ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonka. Mai shakka ya tashi daga Ƙofar Nassarawa ya taka zuwa marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take aiki, ya tsaya bakin rami ya gane wa idonsa.

Dalili kuwa, launin baba ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Sai an zuba baba da toka a rami an bar su kwanaki suna tsima, ana motsawa, kafin ya narke ya ratsa auduga. Da iska ta buge shi sai ya sake daskarewa a cikin zaren, ya kama. Shi ya sa gwani ba ya jiƙa zare ya tafi shan inuwa. Tsomawa yake yana ɗagawa, har shuɗin ya doshi baƙi.

Irin wannan zare masaƙa ke haɗawa da fari su fitar da saƙi mai zanen zabo. Game da cinikin tufafi kuwa, Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke kaiwa Timbuktu kaɗai a lokacin sun kai kayan raƙumi 300 a shekara.