Darajar Bashin Nijeriya Ta Ɗaga, Manomin Dogon Daji Fa?

Kamfanonin da ke auna ƙarfin ƙasashe wajen biyan bashi sun ɗaga matsayin Nijeriya a 2025: Fitch zuwa matakin B a watan Afrilu, Moody's kuma zuwa B3 a ƙarshen Mayu. Jami'ai suka yi ta shelar cewa tattalin arziki ya farfaɗo. Abin da haruffan nan ke aunawa guda ne, wato ko gwamnatin tarayya za ta iya biyan waɗanda suka ranta mata dala a kasuwannin duniya. Zambiya ta gaza a 2020, Gana ta gaza a Disambar 2022. Nijeriya ta tsallake wannan ramin, amma har yau tana cikin sahun da masu jari ke ɗari-ɗari da shi.

A Dogon Daji, kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, da ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, lissafin daban ne. Manomin shinkafa da albasa ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa a kan tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a Mayun 2023. Da gwamnati ta sassauta harajin shigo da hatsi a 2024, farashin shinkafa ya karye. Birni ya samu sa'ida, manomi kuwa bashinsa bai ragu da ko kwabo ba. Lokacin farfaɗowa yakan fi lokacin tsada hatsari ga mai bashi, domin ya sayo da tsada ya sayar da arha. Shi ma ɗan kasuwar da ke loda albasa zuwa Kudu ko Gana, sau da yawa bashi yake bayarwa, sai an sayar a aiko da kuɗi. Rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, faɗuwar kuɗin sidi na Gana a 2022, da rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, kowanne ya maƙale kuɗin mutane, albasa kuwa ba ta jira.

Abin takaici, yankin nan ya san harkar bashi tsakanin ƙasashe tun kafin a kafa banki a Nijeriya, amma an yi watsi da wannan tarihi. A ƙarni na 19 Jega babbar kasuwa ce ta fataken da ke zuwa Gwanja da Salaga sayen goro. Tafiyar takan ɗauki watanni, kuma jarin da yawa na wasu ne. Madugu ya san halin kowane falke a ayarinsa. A zango akwai maigida, wanda ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, sannan ya tsaya wa mai saye: in ya ƙi biya, maigida ne zai biya, ko ya rasa baƙinsa har abada. Wani masani, Abner Cohen, ya tarar da tsarin nan da ransa a cinikin shanu da goro na unguwar Sabo ta Ibadan, ya rubuta shi a littafinsa na 1969. Dillali ya san wane mahauci ne ke biya a kan lokaci, wane ne bashi ya yi wa katutu, labarin kuma yana isa Arewa da sauri. Malaman fiƙihu sun tsara cinikin salam, inda ake biyan kuɗi nan take a karɓi amfanin gona daga baya, da sharaɗin a fayyace awo da nau'i da wa'adi. Falle da ake yi a karkara, inda mai kuɗi ke sayen hatsi da arha tun yana gona, gurɓatacciyar sigarsa ce, kuma talauci ne ke tura manomi ciki.

Shirin Anchor Borrowers na bai wa manoma bashi, wanda aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015, ya rasa irin wannan sanayya. An raba sama da naira tiriliyan ɗaya, kuma a 2023 Babban Banki da kansa ya ce kusan rabi ne ya dawo. Wasu sun ɗauke shi rabon gwamnati, wasu ambaliya ta cinye gonakinsu, ba kuma wanda ya iya tantance su. Sakamakon haka aka shafa wa manoman Arewa baƙin fenti gaba ɗaya, har da waɗanda suka biya.

Tun 2017 akwai dokar da ta ba da damar jinginar da dabbobi, injuna da kayan gona a banki, da wata dokar ta adana tarihin masu karɓar bashi. Ya kamata gwamnatin Sakkwato da bankuna su daina jira a ofis, su je wajen sarakunan kasuwa da ƙungiyoyin 'yan albasa, waɗanda suka san mai biya da mai taurin bashi, a rubuta abin da suka sani. Manoma su ma su riƙa rubuta bashi da shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta. Da kuɗin ruwan Babban Banki a kashi 27 cikin ɗari a Satumbar 2025, babu bankin da zai ranta wa wanda ba shi da takardar shaidar biya.