Tarbiyyar 'ya'ya maza da mata a Zamfara

Tarbiyyar 'ya'ya maza da mata a Zamfara ita ce yadda iyaye ke raba ayyuka da nauyi tsakanin ɗa namiji da ɗiya mace da suka tashi gida ɗaya. A Gusau, babban birnin jihar da aka kafa ranar 1 ga Oktoba 1996, da garuruwan da ke maƙwabtaka da shi kamar Tsafe da Bungudu, ana shirya yaro don ya riƙe gida, ana shirya yarinya don zaman gidan aure.

Sunaye da kalmomi

Bambancin ya bayyana a cikin harshe. Hausa ta ware wa da ƙane ga maza, ya da ƙanwa ga mata. Yaron da aka haifa bayan mata ana masa laƙabi da Tanko, yarinyar da ta biyo maza kuma Kande ko Delu. Namijin da ya ɗauki ɗabi'un mata ana ce masa ɗan daudu, kuma iyaye kan tsorata yaron da ke yawan zama a madafa da wannan suna.

Rabon ayyuka

Tun tana ƙarama yarinya kan koyi shara, wanke-wanke, daka, girki da goyon ƙanne. Yaro kan bi mahaifinsa gona ko kasuwa, ko ya yi kiwo. Da yake matan aure da yawa suna zaman kulle, 'ya'yansu mata ne ke kai musu sana'arsu talla, kuma daga ribar ake tara kayan ɗakin yarinyar. Yaro yana da damar yin hira a waje bayan magariba, amma ana sa ran ƙanwarsa ko yayarsa ta kasance a gida. Idan uba ya rasu, babban ɗa ne ke ɗaukar nauyin 'yan'uwansa mata, yakan kuma zama waliyyinsu a aure. Malamai na danganta wannan nauyin ciyarwa da hukuncin gado, inda ɗa ke samun ninkin kason ɗiya.

Karatu

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta ga kowane yaro a Najeriya. Duk da haka, talla da auren wuri kan katse karatun 'yan mata, almajiranci kuma kan raba yara maza da iyayensu. Zamfara na cikin jihohin da UNICEF da gwamnatin Birtaniya suka gudanar da shirin ilimin 'ya'ya mata daga 2012 zuwa 2022. Kwalejin Ilimi ta Tarayya (Fasaha) da ke Gusau mata kaɗai take ɗauka.

Rashin tsaro

Ranar 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai mata daga makarantar kwana ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A Satumbar 2023 an sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, yawancinsu mata, daga gidajen da suke haya a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bungudu. Irin waɗannan hare-hare sun sa iyaye da dama suna jin tsoron tura ɗiya makaranta mai nisa fiye da yadda suke ji game da ɗan'uwanta.