Me Ya Sa Muryar Tafinta Ke Biyo Bayan Ta Liman A Huɗubar Arfa?

Duk ranar 9 ga Zulhijja, liman kan hau mumbarin Masallacin Namira, tafintoci kuma su riƙa juya huɗubarsa kai tsaye zuwa harsuna daban-daban, har da Hausa. Mai sauraro zai lura cewa fassarar takan makara da 'yan daƙiƙoƙi. Wannan jinkiri yana da dalilai.

Na farko shi ne ginin jumla. Balarabe yakan fara da aiki sannan ya ambaci mai aikin, Bahaushe kuwa da mai aikin yake farawa. Dole tafinta ya dakata har ya ji wanda ake magana a kansa.

Na biyu ya fi nauyi: ma'ana ba ta cika sai an ji togaciya. Dubi kalmar shahada. Wanda ya ce "babu abin bautawa" ya yi shiru, ya faɗi kishiyar tauhidi. Sai an kawo "sai Allah" maganar ke tsayawa daidai. Haka hukunci yake idan sharaɗinsa na tafe a ƙarshen jumla.

Na'ura ma ba ta tsira ba. Sai ta mayar da sauti rubutu, ta fassara, sannan ta furta. Idan ta yi gaggawa kuskure ya yawaita, idan ta jira lokaci ya ƙaru. Aika sautin ta intanet ma yana cin nasa lokacin.

Isar da maganar malami amana ce. Tafintan da ya jira daƙiƙa uku ya fi wanda ya riga malam masallaci, ya jingina masa abin da bai faɗa ba.