Karanshaf Ba A Gyaransa Da Ido

Yanzu da rani ya yi nisa, manoma masu tarakta da masu injin ban ruwa sun fara sauke injunansu domin gyara tun kafin ruwa ya sauka. To, a cikin dukan kayan inji babu mai tsada da wuyar sha'ani kamar karanshaf, watau sandar ƙarfen nan mai gwiwoyi wadda fistan ke turawa, ita kuwa ta juya ƙafa.

Karanshaf ba ya taɓa metal ɗinsa. Baƙin mai ne ke shiga tsakaninsu, ratar kuwa ba ta kai kaurin gashin kai ba. Idan mai ya ƙare, ko ƙura ta shiga cikinsa, sai ƙarfe ya ci ƙarfe, inji ya soma ƙwanƙwasa, daga nan a ce ya buga.

In an kwance inji, sai a wanke karanshaf da kananzir, a bi kowace gwiwa da farce. Inda farce ya maƙale, wurin ya kwarzane. Inda ƙarfe ya yi shuɗi, wuta ya sha. Amma farce ba ya gane gwiwar da ta cinye ta gefe guda, sai ma'aunin nan da ake kira maikiromita. Makanikin da ya ce idonsa ya isa, a ɗauke aiki daga hannunsa.

Tsagewa ita ce babbar masifa. Akwai dabara tsohuwa ta gano ta: a jiƙa ƙarfen da kananzir, a goge shi ya bushe, a shafa masa garin alli. In akwai tsaga, kananzir zai tsattsafo ya zana layi a jikin allin. Karanshaf mai tsaga ba ya komawa cikin inji, walda ba ta maganinsa.

Wanda ya kwarzane kurum, sai a kai shi wurin masu injin wasa ƙarfe su rage shi. Ragin yana da mataki, 10 ko 20 ko 30, watau kashi goma, ashirin ko talatin cikin dubu na inci. Haka ake samun metal na injin Perkins mai fistan uku da ke cikin Massey Ferguson 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964. Kada a sayi metal sai an gama wasa, domin lambar da aka rage ita ce lambar da za a saya. A kuma gargaɗi mai wasa ya bar kusurwar gwiwa da ɗan lanƙwasarta, gama in ya yi mata kaifi daga nan take karyewa.

Waɗansu, don gudun kashe kuɗi, sukan cusa ɓallin gwangwani a bayan tsohon metal. Inji zai tashi, ƙara ta ɗauke, amma sau da yawa tsakiyar huɗa yake sake bugawa, lokacin da kowace tarakta ke da mai jiranta.

Kafin a ɗaura, a zura buroshi cikin ramukan mai a fitar da garin ƙarfe sarai. A shafa wa metal mai, a mai da kowane murfi mazauninsa na dā, a ɗaure noti gwargwadon yadda maƙeran injin suka ƙayyade. Duk murfin da aka ɗaure, a juya karanshaf da hannu. In ya cije, sai a tsaya nan a nemi dalili tukuna.