Yadda sauya ɗabi'a ke dawo da barci bayan rauni a ƙwaƙwalwa

Sau da yawa wanda ya ji rauni a ƙwaƙwalwa yakan bar asibiti, amma barci ya ƙaurace masa, gajiya kuma ta hana shi komawa aiki. Yawan kwanciyar rana don huce gajiyar kan ƙara kore barcin dare.

A 2017, masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya sun wallafa sakamakon wani ƙaramin gwaji na gyaran tunani da ɗabi'a, cikin zama takwas da ƙwararren masanin halayyar ɗan'adam. Hanyar tana koya wa majinyaci tsayar da lokacin tashi, taƙaita barcin rana, da raba ayyuka da ɗan hutu a tsakani. Barcin waɗanda suka bi ta ya inganta, gajiyarsu ta ragu.